Warin Bunsuru a Farar Kwalba

Mai girma shugaban taro, kuma shugaban ƙungiyar manoman Bait Shallala, Ustaz Nakhle, Mukhtar, mai riƙe da hatimin garinmu, Fada, mai yi mana addu'a ko mun je coci ko mun makara, dattawan kwamiti, iyayenmu mata da ke kujerun gaba, 'yan'uwa da kuka hawo daga Beirut hutun bazara, da ku da kuka tsaya a bakin taga kuna fifita da hula: ina gaishe ku, kowa da girmansa.

Na gode da aka ba ni dama in tsaya a nan. Ni ne Shahin ɗan Milad magini. Shekara shida ke nan ina gaban tukunyar giyar ƙungiya. Karatuna bai wuce aji shida ba, saboda haka in harshena ya yi tuntuɓe, ku ɗora laifin a kan makarantar da ban gama ba. Na ga kuna duban agogo, na kuma ga takardar da ke gaban Mukhtar, wadda ta ce Kawu Sarkis ya kwashe awakinsa tamanin daga saman marmaron Ain Safsaf kafin Lahadi. Mukhtar, ina roƙon ka ajiye hatimin nan tukuna, har in gama.

Magana ta farko, abin da na gani da safiyar idin Mar Elias, waliyyin cocinmu.

Da misalin ƙarfe takwas na sauke akwati arba'in na giyar bazara a gindin babbar bishiyar da ke harabar coci, cikin inuwa. Kun tuna bana ne muka bar baƙaƙen kwalabe muka koma farare, masu ɗaukar ido, don mai saye ya ga launin tun daga nesa. Kwamiti ya ɗaga hannu a kan haka, ni ma na ɗaga nawa, har na fi kowa miƙa shi sama. Ina cikin share gumi sai ga Ustaz Nakhle tare da wani mai hoto da aka ɗauko daga Batrun. Ya ce da ni, "Kai Shahin, wa ya ce ka ɓoye amarya a ɗaki? Fito da su kan katanga, rana ta gan su!"

Na ce, "Ustaz, za su yi zafi."

Ya ce, "Ƙanƙara na zuwa da azahar. Ji shi, sai ka ce shi ya haife su!"

Muka yi dariya. Da hannuna na jera su a kan katangar coci, kwalba bayan kwalba. Wallahi sun yi kyau, rana ta ratsa su kamar an kunna fitila a cikin kowace. Mai hoto ya gama aikinsa cikin minti goma ya tafi shan kofi. Kwalabe suka zauna nan har aka fito daga sujada.

Magana ta biyu, giyar kanta, domin an zage ta da yawa kuma ba ta da bakin ramawa.

Kwana uku kafin idi, mu bakwai muka ɗanɗana ta a ɗakin ƙasa. Launinta na tattakar alkama, kumfarta fara tana manne wa kofi. In ka kai hanci, ƙamshin ɓawon lemo ne da ɗanyar ciyawa, wanda furen hop ke bayarwa, furen nan mai ɗaci da muke zubawa a ƙarshen dahuwa. Bana na ninka shi. Tana shiga baki ba nauyi, ɗacin ya taɓa bayan harshe ya wuce, ya bar ka da son ƙari. Giya ce ta mutumin da ya sauko daga gonar tuffa da rana tsaka, ya sami zaitun da cuku a faranti. Fada da kansa ya ce, "Shahin, wannan kam ba sai an yi mata addu'a ba." Ko ba haka ka ce ba, Fada?

To, giyar nan ce aka buɗe da yammacin idi, mutane suka riƙa kawar da kai suna tofarwa a gindin bishiya. Wani ya ce wari take yi. Wani ya ce warin me? Sai wata murya daga baya ta ce, "Bunsuru!" Kalmar ta faɗo kamar ashana a busasshiyar ciyawa. Samari suka juya kan Kawu Sarkis: "Tsoho, bunsurunka ka matse mana a kwalba?" Ya yi dariya tare da su, ya ce, "Da nawa ne, da ya fi haka kumfa." Bai san dariyar za ta zama takarda ba. Kafin mako ya zagayo, gari ya gama yanke hukunci: da ruwan Ain Safsaf muke dafa giya, awakin Sarkis na kwana a saman Ain Safsaf, giya na warin bunsuru, shi ke nan. Yau mako uku mata ba sa sayen cukunsa. Jikokinsa ma an hana yara wasa da su a bakin marmaro.

Ni ma na yarda, ban ɓoye muku ba. Hancina ya ji abin da naku ya ji, kuma ruwa ba ya tsami banza. Amma wani abu ya hana ni sakat. Akwati biyu da na manta a ɗakin ƙasa, daga tukunya ɗaya, daga ruwa ɗaya, na buɗe su bayan idi na same su lafiya lau. In awaki ne, yaya aka yi suka zaɓi akwati arba'in suka tsallake biyu?

Magana ta uku, abin da na yi da wannan rashin sakat.

Na fara zargin zafi. Na sa kwalba kusa da tanderun Kamil mai burodi yini guda. Ta yi ɗumi, ta rage daɗi, amma ba wari. Na zargi ƙanƙara, na zargi murfi, na zargi sabulun wanki, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ba su ba ne. Rana ta tara na ɗora kwalba biyu a kan rufin gidanmu, ɗaya tsirara, ɗaya na sa mata safar babana. Bayan rabin awa na buɗe. Mai safa ƙamshin lemo. Tsirarar kuwa, jama'a, sai ka rantse bunsuru ya kwana a ciki. Na maimaita sau goma sha ɗaya, har mahaifiyata ta ce, "Kai, in haukacewa za ka yi, ka bar wa ubanka safarsa." Na gwada da baƙar kwalba irin ta da, rana ba ta yi mata komai ba. Masu ilmi za su san sunan abin. Ni abin da na sani, hasken rana da furen hop ba sa ga maciji, kuma mu muka ƙara furen, mu muka cire masa rigarsa, mu muka tsayar da shi a rana.

Gani ya kori ji, ɗanɗano kuma ya kori gardama. Ga tire biyu suna zagayawa yanzu. Kofi mai jan zare daga kwalbar da ta wuni a inuwa, kofi mara zare daga 'yar'uwarta da na ajiye a tagar nan da hantsi. Tukunya ɗaya, ruwan Ain Safsaf ɗaya, awakin Sarkis na nan inda suke. Ku shinshina kafin ku kurɓa. A fara kai wa Mukhtar. A kai wa Ustaz. Ku da ke bakin taga, ku yi haƙuri, zai iso gare ku. Na ga fuskar Fada, ba sai ya ce komai ba.

Dattawa, shekaranjiya na hau wurin Kawu Sarkis. Na tarar ya ware awaki ashirin da mahauci zai zo ya gani, don babu wata makiyaya a ƙasan dutse da za ta ɗauki tamanin. Na ce, "Kawu, dakata zuwa taro." Ya ce, "Ɗana, kakana ya yi kiwo a saman ruwan nan, kakanka ya sha a ƙasansa, ya kai casa'in da haƙoransa. Yau ni ne ƙazamin gari?" Ni kuwa na san hannun da ya jera kwalaben. Laifi tudu ne, mun taka namu mun hango na tsoho.

Ustaz Nakhle, kai ka ba ni aikin nan lokacin da ba wanda zai ba ni tsintsiya, kuma na san mai yiwuwa gobe ka karɓi mabuɗin ɗakin ƙasa daga hannuna. Kusan mako biyu ina juya wannan a raina, shi ya sa na yi jinkiri, kuma jinkirin nan ya ci wa Sarkis cukunsa da mutuncinsa. Ba ka yi da mugunta ba, son garin nan ne ya sa ka so a ga kyan abinmu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abin da nake roƙo kaɗan ne: a yaga takardar nan, a koma baƙar kwalba, kuma ranar Lahadi bayan sujada mu hau dutsen nan, mu da muka yi dariya, mu sayi cuku a hannunsa a gaban jikokinsa.

Allah ya tsare mana Ain Safsaf, ya tsare masu sha a samansa da masu sha a ƙasansa. Allah ya albarkaci sha'irinmu da tuffarmu, ya mayar da baƙinmu gidajensu lafiya, ya ba shugabanninmu zuciyar da ke iya cewa mun yi kuskure. Allah ya hana mu hukunta mutum da hanci.

In kuwa akwai mai cewa Shahin kaɗai ya ga kwalabe a kan katanga, to ba ni kaɗai ba ne. Akwai wadda ke zaune a barandarta tana tsinke na'a-na'a, ta ɗaga murya ta ce, "Nakhle, ko madara ba a bari a rana haka!" Ustaz ya ce, "Inna, wannan ba madara ba ce." Ga ta nan a kujera ta biyu, kofi mara zare a hannunta: Inna Latife, mahaifiyar shugabanmu. Ku tambaye ta.

Na gode.