Yadda Ubangiji Ya Tashi Kwamfutar Ofishinmu

Salamar Yesu Almasihu ta kasance tare da ku, 'yan'uwa. Ga baƙin da ke cikinmu, sunana Bitrus, ina aiki a ofishin aikin gona nan Dutsin-Ma. Ni ke kula da babbar kwamfutar da aka kawo mana bayan an ba mu jiha, uwar sauran ke nan, in ba ta tashi ba ƙananan ma sai kallo.

Kos ɗin kwamfuta na je Kaduna, na dawo mutane suka fara ce mini Injiniya. Ban hana su ba.

Ɗakinta kaɗai ke da na'urar sanyi a ofishin. Ga bazara, ga mutane. Kowa sai ya ƙirƙiro dalilin leƙowa. Manajanmu kuwa, Alhaji Sada, huhun goronsa ya kawo ya ajiye bayan teburin kwamfutar don kada ya bushe. Kun san kayan babba, ko mai shara zagaye shi take yi.

Ranar Litinin na danna ta, ta yi gurnani, ta rubuto cewa ba ta ga faifanta na ajiyar bayanai ba. Akwatin faifan kuwa ga shi a gefenta, fitilarsa na ci. Na kashe na kunna. Na canja fis. Na hura, na goge, na ɗan mare ta a gefe yadda ake yi wa rediyo. Shiru.

Ranar Laraba manya za su zo daga Katsina su ga wannan abin alfahari yana aiki. Alhaji ya shigo yana tauna goro, ya ce, "Bitrus, in suka zo ba ta tashi ba, ka nemi wani aikin. Ni ba zan sha kunya ni kaɗai ba."

Na koma gida. Na gaya wa matata Rifkatu, ta ce, "Ka yi addu'a?" Na ce mata wannan harkar kimiyya ce. Ta ce, "To, kimiyyar ta ciyar da mu."

Safiyar Laraba mai gadi ya ce aljanu ne, a yi hayaƙi. Direba ya ce a tura ta kamar mota. Na kore su, na rufe ƙofa. Tsoro ya kama ni sosai, ban ɓoye muku ba. Na durƙusa, na kifa goshina a ƙasa, na ce, "Ya Ubangiji, ni ba injiniya ba ne, kai ka sani. Kai da ka ta da Li'azaru, wannan ai ƙarfe ne kawai. Ka rufa mini asiri."

Na buɗe ido ban ɗago ba. Daga nan ƙasan nake hangen bayan tebur. Ga wayar da ke haɗa ta da faifan tana lilo, huhun goron ya tokare ta ya zare ta. Duk dube-duben da na yi a tsaye na yi su, kuma can ne kaɗai ban taɓa ba, don kayan Alhaji ne.

Na ce wa goron gafara, na ja shi gefe, na mayar da waya. Ta tashi! Halleluya!

Baƙi suka zo, suka yaba, suka tafi. Alhaji ya ja ni gefe ya ce, "Wai me ya same ta?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ranka ya daɗe, goro ne."

Ya sa hannu a huhun, ya zaɓo fari babba ya miƙo mini, ya ce, "Maganar nan ta tsaya a ɗakin nan."

Don haka ku ma, don Allah, ta tsaya a majami'ar nan.

Aikina yana nan, yarana suna cin tuwo, godiya ta tabbata ga Ubangiji. Ɗan'uwa, in abu ya gagare ka a tsaye, ka dogara ga Ubangiji, ka sauka ƙasa. Amin.