Allurar da na bari saboda takaba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Sunana Hajara, daga Roni.

Tun ina yarinya ƙaiƙayin gero ke sa ni atishawa da toshewar hanci. Likita ya ɗora ni kan allura duk wata, ya ce sai na yi shekara uku. Maigidana ke kai ni asibiti a babur, har na fara samun sauƙi. A shekara ta biyu Allah ya yi masa rasuwa. Na shiga takaba, surukata ta ce, "Ki zauna a ɗaki 'yata, allura ba za ta gudu ba." Ban tambayi likita ba, na zauna. Da na gama takaba kuma, na kasa bin hanyar nan a bayan wani.

Bana da aka fara sussuka ciwon ya dawo, goshina kamar an ɗora dutse. Akwai rigar maigidana da na ajiye ban wanke ba. Jiya na ɗauko na shinshina, ban ji komai ba.

Don Allah ka tambayar mini likitan shirinku: in na koma allurar, hancina zai buɗe kafin ƙanshinsa ya bar rigar?