Kukan Tayar Gaba

A tashar Bodinga, Atika mai injin niƙa tana zaune cikin motar Shagari, direba ya matsa gaba kaɗan ya taka birki, tayar gaba ta yi ƙiiii.

"Direba, mi ka kuka hakanga?"

"Yashin hanyar Kajiji ne, Inna."

"Wane yashi? Shekara ashirin ina niƙa, na san kukan ƙarfe in yana cin ƙarfe! Takalmin birkinka ya cinye, faifan birkin yake gurza. In ka taka, sitiyari ba ya rawa?"

"Kai! Wallahi yana rawa!"

"Sauka ka shafa faifan."

Ya duƙa ya shafa, ya miƙe yana tafi.

"Duk ya zaizaye! Jama'a, ku zo ku ga gwana! Haka bakanike ya ce mini tun kafin azumi!"

"Tun kafin azumi? Kuma kana ɗibar mutane?"

"Haba Inna, ai ina kiyayewa. Ko iyalina a babur nake tura su."

Atika ta ɗauki ƙunshinta ta buɗe ƙofa.

"To ni ma iyalin wani ce. Kira mini mai babur."