Fankokin Ɗakin Baya

A ɗakin jira na wani asibiti a birnin Phoenix na Amurka, Wendell ya gaji da shiru, ya nuna wa dattijuwar da ke gefensa hoto a waya.

"Mama, ga kwamfutar wasana. Ruwa ke zagayawa a bututun nan yana sanyaya ta. Duk zafin garin nan, ko a jikinta."

"To zafin da ruwan ya kwaso, ina yake kai shi?"

"Da a ɗakina fankoki ke huro shi. Sai na huda bango, na mayar da su ɗakin baya."

"Ɗakin ajiya ne?"

"A'a, na iyayena."

Ta sauke tabarau. "Wa ka kawo asibiti?"

"Babana. Tunda bazara ta kama yake cewa ɗakin ya zama tanda, muna cewa rigimar tsufa ce. Ɗazu ya sume."

Wendell ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

"Ɗana, ka kashe kwamfutar kafin ka fito?"

"Ba na kashe ta."

"Mahaifiyarka fa?"

Ya miƙe. "Na ce ta shiga ɗakin ta huta."