Kwaɗo a Ƙofar Shago Ranar Laraba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban ƙungiyarmu ta 'yan layin kayan sanyi, wanda ya ba ni minti goma, ya kuma fara duba agogo tun ban buɗe baki ba. Mataimakinsa da sakatarenmu. Dattawan layi da suka riga mu kafa rumfa. Iyayenmu mata da matanmu da ke zaune can baya, waɗanda sai yau muka tuna mu gayyato su. 'Yan'uwana masu bargo, masu rigunan sanyi, masu safa da hula. Jama'a baki ɗaya, ina gaishe ku gaisuwar girma.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni dama, ga mai makarantar nan da ya ara mana ɗaki, da ku da kuka baro shagunanku, ko da yake na san jikinku ne kawai a nan, zukatanku suna can bakin rumfa.

Abin da ya tara mu kun san shi. An kawo shawara cewa kowace Laraba, daga azahar, a rufe layinmu gaba ɗaya har sanyi ya wuce, domin kowa ya fita da iyalinsa. Da na sauka za a ɗaga hannu.

Na hango maƙwabcina Mai Safa yana dariya, kuma yana da gaskiya. Shekara tara da suka wuce an kawo wannan shawara, ni Mai Bargo na tashi na kashe ta. Na ce sanyi wata uku yake yi, mu kuwa wata goma sha biyu muke cin abinci. Kuka tafa mini. Yau na zo in warware abin da na ƙulla, kuma maganata uku ce.

Ta farko, halin da muke ciki. Duk wanda zai fita da iyalinsa a garin nan cikin sanyi, ta hannunmu yake bi. Mace za ta zo da yara huɗu, in gwada wa wannan riga, in ɗaura wa wancan hula, in tambaya, "Ina aka nufa haka?" Su haɗa baki su ce, "Yawo!" In ce a dawo lafiya, in koma kan bencina. Mu ke tufatar da gari ya fita, mu ba mu fita. Ba kuma don ba mu so ba. Idan na rufe ni kaɗai, mai saye zai yi taku uku ya faɗa shagon Mai Safa, Mai Safa kuwa in ya kama mutum ba ya saki. Ni ina gadinsa, shi yana gadina, mun shekara ashirin muna tsare juna kamar fursunoni biyu da ba su da gandiroba. Shi ya sa rufewar sai ta kowa da kowa.

Ta biyu, batun tsada. An ce fita da iyali sai mai hali. Ni ɗan kasuwa ne, ba na yarda da farashi sai na taya. Don haka na ɗauki safiya biyu na zaga garin nan da ƙafata.

Akwai babban ɗakin karatu na birni. Shiga kyauta, ciki da ɗumi, ɓangaren yara har da shimfiɗa a ƙasa. Na zauna rabin awa ina jiran wanda zai zo ya sayar mini da wani abu, ba wanda ya zo. Wallahi har na tsargu. Akwai gadar da ta bi ta saman tashar jirgin ƙasa; ka tsaya da yaro a kai, jirgi ya wuce ta ƙarƙashin ƙafarsa, ya ɗaga hannu direba ya amsa masa, to ka gama masa hirar mako guda. Akwai bas ɗin da ke zuwa ƙarshen gari: ku kama kujerar baya, ku je ku dawo, yara su ga unguwannin da ba su san da su ba. Gidan tarihi kuma, ranar Laraba ba a karɓar kuɗin yara. Sai dai ku kula, ƙofar fitarsa ta cikin shagon tsaraba ta bi. Mu 'yan kasuwa ne, mun san wannan tarkon, mu ma shi muke ɗanawa. Ku ce wa mai gadi kun manta hula, ku fita ta inda kuka shigo. Ku ciyar da yara kafin a bar gida, ku cika flas da shayi, ku sa burodi a jaka. Rigunan sanyi kuwa, idan ɗan layin nan ya ce bai da su, a kai shi asibiti.

Akwai wuri ɗaya da na je ban shiga ba, shi ne maganata ta uku.

A cikin lambun birni akwai gidan gilashi, inda ake renon itatuwan ƙasashen zafi. Autata tana da shekara shida malamarsu ta ba su labarinsa. Ta dawo da gudu ta faɗo shago, ta haye kan barguna da takalmanta, ta ce, "Baba, wai akwai wani gida da itatuwa ke zufa ana tsakiyar sanyi! Yaushe za ka kai ni?" Ina cikin ciniki, na ce, "Bayan sanyi, Auta."

Da sanyi ya wuce na ce ta shirya. Ta dube ni ta ce, "Yanzu ai ko'ina da ɗumi, Baba. Me za a gani?" Gaskiyarta. Daɗin gidan shi ne ka shiga daga cikin sanyi. Na ce to, baɗi. Baɗi ta zo, ta tambaya, na ce bayan sanyi. Haka muka yi ta yi. Tana shekara goma sha biyu ta daina tambaya, ni kuma da wautata na ji daɗi, na ce yarinya ta yi hankali.

Yau shekararta ashirin da huɗu. Ta sami aikin jinya a wata ƙasa mai nisa, saura mako biyar ta tafi. Makon jiya na same ta tana ninke kaya a akwati, na ce, "Auta, mu je gidan gilashin nan mana." Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "To, Baba. Bayan sanyi." Uwarta ta yi dariya, ta tashi ta shiga kicin, ta daɗe ba ta fito ba. Can Auta ta ajiye rigar da ke hannunta ta ce, "In da gaske kake, ranar ciniki nake so. In ga kwaɗo a ƙofar shagon nan da idona, rana tsaka."

Da na isa gidan gilashin a yawon bincikena, a waje na tsaya, don ba zan riga ta gani ba. Gilashin duk ya yi raɓa, ba a ganin ciki. Sai wani ɗan hannu ya goge shi daga ciki, wata yarinya ta leƙo daga kan kafaɗar ubanta. Jar rigar da ke jikinta na gane ta, ni na sayar da ita. Na tsaya nan cikin sanyi, ni mai barguna ɗari uku, har yatsuna suka ƙage.

Jama'a, zan kai Auta, amma ba 'yar shekara shida zan kai ba. Waccan ta wuce, ba ta kuma yi mini sallama ba. Ba za ta hau kafaɗata ba, ba za ta ja hannuna ta ce in duba ba. Uwarta da a da za ta zaga lambun nan sau uku, yanzu tambayarta ita ce ko akwai benci a ciki. Na iya taya kowane irin kaya, na iya sa dillali ya rage abin da ya rantse ba zai rage ba, amma yammaci ɗaya na waccan shekara na rasa inda ake sayar da shi.

Ku da 'ya'yanku ke tambaya har yanzu, ku ɗaga hannu tun suna tambaya. Ku ɗaga domin matan nan da ke baya, waɗanda suka gaji da ba yara haƙuri a madadinmu. Ku ɗaga domin kanku.

Ni dai ko kun ɗaga ko ba ku ɗaga ba, Laraba biyar suka rage mini, ba zan bar ko ɗaya ba. Shugaba, ga shaidu: Laraba da azahar zan danna kwaɗo in kawo maka makullin. Kada ka ba ni sai safiyar Alhamis, ko da kuka na zo maka, domin na san halina. Mai Safa, in ka zauna a shago, masu sayena naka ne halak malak, ka dai sassauta musu. In kuma ka rufe, bas ɗin akwai wuri, ka zo da 'yan biyunka. Auta, kina can bakin ƙofa, kin ji da kunnenki.

Allah ya albarkaci wannan taro da kasuwarmu. Allah ya raya mana zuriya, ya tsare waɗanda za su yi nisa, ya dawo mana da su muna raye. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.