Gwangwanayen da Inna Ta Dirje

Kuɗin motar da ya kai ni Legas, akuyar Inna ce. Ta sayar da ita a kasuwar Samaru, ta ƙulle mini kuɗin a bakin zani, ta ce, "Rifkatu, sana'a za ki koyo, ba tsiwa ba." Ku matso ku ji, ku masu zumuɗin tafiya.

A gidan kek na samu aiki. Mai gidan hayata kuwa, ko tari na yi sai ya leƙo, amma bar wannan. Madam, uwar ɗakina, tana da wasu gwangwanayen gashi masu ruwan toka, ba sa ƙyalli. "Anodais" take ce musu, ni kuwa "anadas" bakina ya iya, ma'aikata su yi ta dariya. Alminiyam ne da aka tsoma a wani ruwa aka sa masa lantarki, har fatarsa ta yi tauri. Zafi yana ratsa shi daidai, gefen kek ba ya ƙonewa a bar tsakiya ɗanye. Ba ya tsatsa, ko lemon tsami aka zuba ba ya baƙi.

Ran da Madam ta gan ni da soson ƙarfe zan wanke su, ihu ta yi.

"Ajiye! Kin haukace?"

"Madam, dauɗa ce."

"Dauɗar nan ta fi ki tsada!"

Shekaru na yi ina shan garin kwaki har na sayi nawa. Su kaɗai na dawo da su gida, da niyyar in tsaya da ƙafata. Wata malamar makaranta a Hanwa ta ba ni aikin farko, kek ɗin bikin 'yarta.

Na shiga Sabon Gari sayen fulawa. Da na dawo, sai na tarar da Inna a tsakar gida, ta jiƙa gwangwanayen a ruwan kanwa, tana dirza da toka da yashi, yadda muke yi wa tukwane. Yatsunta duk sun saɓule.

"Haba 'yar nan, da wannan baƙin za ki ciyar da mutane? Duba yadda suka yi fes!"

Na ajiye fulawar. Na ce, "Sannu Inna."

Kek ɗin ya kama, gindinsa ya fito dabbare-dabbare. Malamar ta dube shi, ta juya. Labari ya zaga cocinmu, ba wanda ya sake nemana.

Har Inna ta rasu tana ba maƙwabta labarin yadda ta gyara mini kayan aiki. Gwangwanayen ga su can, kaji suna shan ruwa a ciki.