Ƙwarya Talatin, Cokali Ɗaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, Malam Zailani, iyayenmu 'yan kwamitin wannan cibiya ta koyon kwamfuta, malamai, ɗalibai da kuka zo daga Dutse da Buji da Jahun, ina gaishe ku, ina kuma godiya da kuka ba uwa dama ta yi magana kafin ku yanke hukunci a kan 'yarta.

Amma ina gargaɗin duk wanda yake zaton na zo wanke Mu'minatu ne, ya gyara zama. Ban zo wanke ta ba.

Na farko, laifin. Ni karatuna a sakandare ya tsaya, amma na zaunar da ita ta yi mini bayani har na gane. Aikinta a nan shi ne shirya kwamfutocin ɗalibai guda talatin. Ba ta bin su ɗaya bayan ɗaya. Umarni take rubutawa sau ɗaya, shi ya zagaya ya shirya su duka. Kuma tana da wata kwamfutar gwaji da take zaune a cikin tata kwamfutar, ba a taɓa ta da hannu, in ta lalace a share a sake wata. Ƙa'ida ita ce a gwada umarnin a kanta tukuna. Ranar jajibirin jarrabawa Mu'minatu ta gyara layi ɗaya, ta ga gyaran ƙarami ne, ta tsallake gwajin. Washegari kwamfuta talatin suka wayi gari babu haruffa masu lanƙwasa. Ga Huseina can zaune, matar aure, wata shida tana hawa motar haya daga Buji. Ta buga "ƙasa", na'ura ta ba ta "kasa", haka kuma mai duba takarda ya rubuta mata: ta kasa.

Na biyu, abin da ya fi ɓata mini rai. Da na tambaye ta, cewa ta yi, "Iya, ai kuskure ɗaya ne." Na ce, "Ke jikar makiyaya, ke ce za ki faɗa mini haka? Kakarki da cokali ɗaya na nonon jiya take kwantar da madarar yau. In cokalin nan ya ɓaci, ƙwarya nawa za a zubar?" Kakarta ba ta taɓa ganin allo ba, amma ba ta taɓa ɗiga nono a ƙwarya ba sai ta kai shi harshe. Abin da yake sauƙaƙa aiki sau talatin, shi ne yake yaɗa ɓarna sau talatin.

Na uku, roƙona. Na ji an ce a sallame ta yau. Kuna da iko, kuma in kun yi, ba zan ce kun zalunce ta ba. Sai dai wanda ya taɓa ƙonewa ya fi kowa sanin zafin wuta. Ku sake wa ɗaliban nan jarrabawa, ku sa Mu'minatu ta tsaya gabansu ta nemi gafararsu ɗaya bayan ɗaya, da sunansu. In kun bar ta, kada umarninta ya sake fita sai wani malami ya ga gwajin da idonsa. In ta sake tsallakewa, ba sai kun kira taro ba, ni zan zo in tafi da ita.

Allah Ya ba ku ikon yin adalci, Ya ba ɗalibanmu nasara, Ya shirya mana zuri'a, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Mu'minatu, ɗago kanki ki ji, ga shaidu. Ko sun bar ki ko sun kore ki, daga yau a gidana, miya ce ko nono ko umarnin na'ura, babu abin da zai je gaban jama'a sai wanda ya yi shi ya fara ɗanɗanawa.

Na gode.